Antibodi ba sa korar HIV, komai yawansu a jini

Duk wanda ya saba ratsa kasuwar Kejetia ko tashar motar Aboabo a Kumasi ya san muryar masu lasifika da kwalabensu: maganin ƙara garkuwar jiki, mai wanke jini, mai fitar da sanyi, mai maganin "ciwon nan da kuka sani". Ba sa kama sunan ciwon, domin Dokar Kiwon Lafiyar Jama'a ta 2012 ta hana tallar maganin ƙanjamau a Ghana. Sai su zagaya, mai buƙata kuwa ya gane. Cinikinsu yana tafiya ne a kan wani lissafi da ya zauna mana a zuciya, cewa tunda garkuwa cutar take karyawa, ai sai a ƙara garkuwar. Lissafin yana da daɗin ji, amma ilimin da aka tara tun 1983, shekarar da aka gano ƙwayar HIV a Cibiyar Pasteur da ke Faransa, bai goyi bayansa ba. A ƙasar da fiye da mutum 330,000 suke ɗauke da ƙwayar, wannan kuskure yana cin kuɗi kuma yana cin rai. Shi ne kuma yake sa mu karanta takardar gwaji a baibai, ko ta masu shirin aure ko ta jarirai.

Antibodi wasu sunadarai ne da fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ake kira ƙwayoyin B, suke ƙerawa idan baƙon abu ya shiga jiki. Kowane antibodi siffa ɗaya tak ya sani. In ya same ta sai ya manne mata, ya hana ƙwayar cutar kutsawa cikin ƙwayoyin jikin mutum, ko ya yi mata alama a zo a cinye ta. A ƙyanda wannan tsari yana aiki sarai: yaron da ya yi ta sau ɗaya, ko aka yi masa rigakafinta, ya rabu da ita. A HIV kuwa, ganin antibodi a jinin babban mutum yana nufin ƙwayar ta shiga kuma tana nan daram.

Ba wai jikin ya zauna ya naɗe hannu ba ne. Kimanin mako biyu bayan ƙwayar ta bayyana a jini, antibodin farko suke fitowa, masu manne wa wani ɓangare na ƙayar da ke jikin ƙwayar, wanda ake kira gp41. Bayan wasu makonni biyu masu kama ɗaya ɓangaren ƙayar, gp120, su biyo baya. Duk waɗannan suna mannewa amma ba sa tare mata hanya. Masu iya kassara ta da gaske sai an yi wata uku ko fiye suke isowa, kafin nan kuwa ƙwayar ta sauya kama. A 2003 masu bincike a Amurka suka nuna abin a fili: jinin majiyyaci na yau yana kassara ƙwayar da aka ɗiba daga jikinsa watanni da suka wuce, amma ba ya iya wa wadda ke yawo a jikinsa yau. Kamar tela ne da ya auna yaro, kafin ya gama ɗinki yaron ya girma, ya sake aunawa, yaron ya sake girma, haka har shekaru.

Dalilan suna da yawa kuma kowanne ya isa matsala shi kaɗai. Sinadarin da ƙwayar take kwafar kanta da shi ba ya gyara kuskure, yana yin kusan kuskure ɗaya a duk kwafi uku. Jikin wanda ba ya shan magani kuma yana fitar da sabbin ƙwayoyi kimanin biliyan 10 a kowace rana. Haɗa waɗannan biyu ka ga cewa kusan duk wani ƙaramin sauyi da zai iya kuɓutar da ita daga wani antibodi ya riga ya faru kafin antibodin ya fito. Ƙayoyin da antibodi zai kama su ma 'yan kaɗan ne, tsakanin 7 zuwa 14 a jikin kowace ƙwaya, alhali ƙwayar mura tana da ɗaruruwa. Antibodi hannu biyu gare shi, kuma riƙonsa ya fi ƙarfi in ya kama da duka biyun, to ƙayoyin HIV sun yi wa juna nisa. Sannan kusan rabin nauyin ƙayar sukari ne ya lulluɓe ta, sukarin kuma ƙwayoyin jikin mutumin ne suka ɗora shi, don haka garkuwa tana ganinsa a matsayin na gida. Wurin da ƙwayar take kama ƙwayoyin garkuwa na CD4 da shi, wanda ba ta iya sauyawa da yawa, yana can cikin lungu.

Mafi muni shi ne wanda take kashewa. Ƙwayoyin CD4, waɗanda a asibiti ake ce wa sojojin jiki, su ne suke horar da ƙwayoyin B har su iya ƙera antibodi mai kyau, kuma su ne abincin HIV. Tun a makonnin farko take cinye da yawa daga waɗanda ke cikin hanji. Wasu kuma ba ta kashe su ba, sai ta cusa bayanan halittarta cikin nasu ta kwanta shiru. Antibodi ba ya shiga cikin ƙwayar jiki, iyakarsa waje. An auna wannan maɓoya an ga sai an yi kusan wata 44 kafin ta ragu da rabi ko da mutum yana kan magani, wato fiye da shekara 70 kafin ta ƙare.

Ga abin da mai lasifika ba zai taɓa faɗi ba. Mai HIV da ba ya shan magani ya fi lafiyayye yawan antibodi a jini. Ƙwayoyin B nasa suna cikin zuga dare da rana, suna ta zubo antibodi barkatai, mafi yawansu ba su da alaƙa da HIV ma, har su gaji su kasa amsa allurar rigakafin wasu cututtuka yadda ya kamata. Ƙaranci ba shi ne damuwarsa ba. Ko da a ce kwalbar nan tana yin abin da aka ce tana yi, ƙarin zuga ne ga jikin da zugar ta riga ta galabaitar.

Za a ce ai akwai waɗanda suke shekaru da ƙwayar ba magani kuma lafiyarsu lau. Akwai su, ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba. Da aka bincika sai aka ga yawancinsu wasu ƙwayoyin garkuwa ne, masu suna CD8, suke riƙe musu cutar, bisa wata baiwa ta gado, musamman nau'in da ake kira HLA-B57. Antibodinsu sau da yawa ma ya fi na sauran rauni. Gado kuwa ba a sayar da shi a kwalba. Akwai kuma wani rukuni, tsakanin kashi 10 zuwa 30 cikin 100 na masu cutar, da bayan shekara biyu zuwa huɗu jikinsu yake ƙera antibodi masu faɗin kamu, waɗanda suke kassara nau'o'in HIV da yawa daga ƙasashe daban-daban. Abin tausayin shi ne ba sa amfanar mai su, domin ƙwayar da ke jikinsa ta riga ta koyi zille musu.

A nan ya kamata a yi wa antibodi adalci, domin waɗannan masu faɗin kamun su ne babban fatan masu bincike. A 2010 Cibiyar Binciken Rigakafi ta Amurka ta ware ɗaya daga jinin wani majiyyaci, aka sa masa suna VRC01, wanda a ɗakin gwaji ya kassara kusan kashi 90 cikin 100 na nau'o'in da aka gwada. Aka ƙera shi da yawa aka gwada a kan mutum kimanin 4,600 marasa cutar, ciki har da matan ƙasashen kudanci da gabashin Afirka, ana ɗaura musu shi ta jijiya duk mako takwas. Sakamakon 2021 ya zo da ɗaci da daɗi. A jimlace bai kare su ba. Amma a kan nau'o'in da yake iya kamawa sosai ya ba da kariyar kashi 75 cikin 100, sai dai waɗannan nau'o'in kusan kashi 30 ne kawai na masu yawo a gari. Darasin shi ne antibodi ɗaya ba ya isa, kamar yadda aka gano tun shekarun 1990 cewa magani ɗaya ba ya isa. A 2018 Jami'ar Rockefeller ta haɗa guda biyu, 3BNC117 da 10-1074, ta ba masu cutar 11 da aka dakatar musu da magani ƙarƙashin kulawar likitoci. Tara daga cikinsu, waɗanda ƙwayarsu take jin antibodin biyu, sun yi kimanin mako 21 cutar ba ta taso ba. A Botswana an gwada irin wannan haɗi a kan yara 25, 11 suka yi wata shida ba magani cutar tana kwance.

Allurar rigakafi kuwa, wadda za ta koya wa jiki ƙera irin waɗannan da kansa, har yau babu. Gwajin Tailan na 2009, mai mutum fiye da 16,000, ya ba da kariyar kashi 31 cikin 100, shi ne kaɗai ya taɓa nuna wani abu. Da aka gyara shi aka kai Afirka ta Kudu, sai aka dakatar a 2020 don bai yi komai ba. Wani gwajin rigakafin mai suna Imbokodo ya faɗi a 2021, wani mai suna Mosaico ya bi shi a 2023. Hanyar da ake bi yanzu ita ce a tashi ƙwayoyin B ɗin da ba su da yawa, waɗanda za su iya zama masu faɗin kamu, a riƙa lallaɓa su da allura bayan allura. Matakin farko ya yi nasara a mutum 35 cikin 36, amma matakin farko ne a doguwar hanya. Kafin nan wani maganin da ba antibodi ba ne, lenacapavir, ya sha gabansu: allura sau biyu a shekara, kuma a gwajin 2024 a Afirka ta Kudu da Yuganda babu mace ko ɗaya da ta kamu cikin fiye da 2,000 da aka yi wa. A ganina inda antibodin da aka ƙera za su fi amfani shi ne jarirai masu shan nono. Sai dai mu a nan muna da tambayar da ba mai yi mana ita: nau'in da ya fi yawa a Ghana shi ne CRF02_AG, ba irin na kudancin Afirka ko na Amurka da aka fi yin gwaji a kansu ba. Cibiyar Noguchi da ke Legon da cibiyar bincike ta KCCR da ke nan Kumasi suna da ƙwararrun da za su auna ko waɗannan antibodi suna kama namu nau'in, kuma aiki ne da ya cancanci kuɗin gwamnati tun kafin kayan su iso kasuwa.

Yau dai amfanin antibodin HIV a wurinmu ɗaya ne, da su ake gane wanda ya kamu. Gwajin nan na gaggawa da ake yi a asibitin unguwa ba ƙwayar yake nema ba. Nas za ta soki yatsa, ta ɗiga jini a ɗan ramin katin, ta bi shi da ruwan gwajin, a jira minti 15. Layin C dole ya fito, in bai fito ba katin ya lalace, a sake. Layi a 1 ko a 2 yana nufin an ga antibodin HIV-1 ko HIV-2. Wannan bambanci ba ado ba ne a yankinmu, domin HIV-2 ɗan Afirka ta Yamma ne, yana tafiya a hankali, kuma magunguna irin su efavirenz da nevirapine ba sa yi masa komai. Kati ɗaya kuma ba ya yanke hukunci. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2019 ita ce sai gwaji uku na kamfanoni daban-daban sun nuna akwai kafin a ce wa mutum yana da ita, saboda antibodin wata cutar yakan manne bisa kuskure. Wanda ya yi gwajin baki na OraQuick a gida ya kiyaye: kada ya ci ko ya sha komai minti 15 kafin gwajin, ya karanta tsakanin minti 20 zuwa 40, kuma layi biyu kira ne zuwa asibiti don tabbatarwa.

Tunda sai jiki ya ƙera antibodin kafin kati ya gan su, akwai wani tsaiko. Gwajin antibodi yakan fara gani tsakanin kwana 23 zuwa 90 bayan kamuwa. Gwajin ɗakin bincike da yake haɗawa da neman wani ɓangare na ƙwayar yakan gani daga kwana 18 zuwa 45, wanda yake neman ƙwayar kanta kuma daga kwana 10 zuwa 33. A cikin wannan tsaikon ne ƙwayar ta fi yawa a jini, mutum ya fi yaɗa ta, kati kuwa yana cewa babu.

Wannan ya kawo mu ga ɗaurin aure. Iyayenmu malamai da limaman da suke neman takardar gwaji kafin a shafa fatiha sun yi abin a yaba, Allah ya saka musu. Amma takardar da aka karɓo ana saura kwana uku biki ba ta ce komai a kan wata ukun da suka gabata ba. Abin da nake roƙon malamai shi ne a mai da gwajin biyu: ɗaya lokacin kai gaisuwa ko sa rana, ɗaya bayan wata uku, dab da ɗaurin aure, kuma ma'auratan su je tare su karɓi sakamako daga hannun ma'aikacin lafiya, kada a yarda da takardar da aka aiko da ita a ambulan. In aure na biyu ko na uku ne, uwargida ma tana da haƙƙi a cikin wannan lissafi. Sakamakon kuma sirrin mutum biyu ne, dokar Hukumar Yaƙi da Ƙanjamau ta Ghana ta 2016 ta kare shi, bai kamata ya bi ta bakin waliyyi ya isa majalisar shayi ba. In ɗaya yana da ita ma ba dole aure ya mutu ba. Wanda yake shan magani har ƙwayar ta sauka ƙasa da 200 a kowace mililita ta jini ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar kwanciya.

Jarirai su ne suka fi shan wahalar wannan rashin fahimta. Antibodin uwa suna ratsa mabiyiya su shiga jinin ɗa, kuma suna iya kaiwa wata 18 kafin su gushe. Don haka kusan duk jaririn da uwarsa take da HIV zai nuna layi biyu a kati, ko da ƙwayar ba ta taɓa shi ba. Kaka ta ji an ce "ya nuna", sai gida ya rikice, a fara zargi, wani lokaci a cire yaro daga nono ba dalili. Gwajin jariri daban ne. A mako na shida ake sokar diddigensa, a ɗiga jini a da'irori biyar na wata takarda ta musamman, a bar ta ta bushe a inuwa akalla awa uku, a aika ɗakin bincike a nemi ƙwayar kanta. Ana maimaitawa a wata tara, sannan a yi gwajin kati a wata 18 ko wata uku bayan yaye, duk wanda ya zo daga baya. Ba tare da magani ba, tsakanin jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 ne suke kamuwa daga uwa, in uwa tana kan magani adadin yana sauka ƙasa da 5.

Sai ɗaya gefen, wanda masu da'awar warkarwa suke ci da shi. Wanda ya fara magani da wuri kuma ya daɗe yana sha, ƙwayar takan kwanta har jiki ya rage ƙera antibodinta. Irin wannan mutum in ya yi gwajin kati, musamman na baki, yana iya ganin layi ɗaya. In ya zo daidai da ya sha wani jiƙo ko rubutu a wannan watan, sai a ce ga hujja. Ya ajiye magani, cikin mako biyu zuwa huɗu ƙwayar ta fito daga maɓoyarta. Gambiya ta ga wannan a 2007 lokacin da shugaban ƙasar na wancan zamani, Yahya Jammeh, ya ce yana warkar da cutar, ya sa majiyyata suka daina shan magungunansu, wasu suka mutu. Addu'a da magani ba sa faɗa da juna, kuma malamin kirki ba zai ce a ajiye ɗaya don ɗaya ba. Amma wanda yake kan magani ba shi da sauran hulɗa da katin gwaji.

Maganin da yake aikin da antibodi suka kasa ƙwaya ɗaya ce a rana, TLD: tenofovir miligiram 300, lamivudine 300, dolutegravir 50. Mai azumi yana iya sha da sahur ko bayan buɗe baki, muddin ya tsayar da lokaci ɗaya. Abin da yake ɓata shi a ɓoye shi ne maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, da na ƙarin ƙarfin ƙashi, da farin ruwan nan na ƙwannafi, domin suna kama dolutegravir a hanji su hana shi shiga jini. A sha TLD awa biyu kafin su ko awa shida bayansu. Masu ciki, da ake ba ƙwayar ƙarin jini a wurin awo, su tambayi nas yadda za su raba. Mai shan rifampicin na tarin fuka kuma yana buƙatar ƙarin dolutegravir miligiram 50 awa 12 bayan na farko.

Gwajin da ya kamata mai HIV ya riƙa bi shi ne na yawan ƙwayar cuta a jini: wata shida bayan fara magani, sai a wata 12, daga nan duk shekara. Ƙasa da 50 shi ne abin nema. Sama da 1,000 yana nufin akwai matsala, sai a zauna a duba yadda ake shan maganin da abin da ake haɗa shi da shi, a sake gwaji bayan wata uku, in bai sauka ba likita ya duba sauya magani. Wanda aka ɗibi jininsa ya koma ya tambayi lambar da kansa, ya sa a rubuta masa ita da ranarta a katinsa, kada ya tsaya a "lafiya lau" da aka ce masa a bakin ƙofa.